Kwamfutar da ke rarrabe launi da kanta: za ta iya gano maleriya a jinin ɗan Kausani?

Mai karatu, a 'yan shekarun nan da wuya a yi taron lafiya a Abuja ko Kano a watse ba a ambaci ƙirƙirarriyar basira ba, wadda aka fi sani da AI. A watan Agustan 2024 Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta fitar da daftarin tsarin ƙasa kan wannan fasaha, kuma kiwon lafiya yana cikin fannonin da ake sa wa rai. Alƙawarin da aka fi maimaitawa shi ne: a ɗiga jini a gilashi, a ɗauki hotonsa da wayar hannu ta bakin madubin likita, wato maikuroskof, sai manhaja ta faɗi ko akwai ƙwayar maleriya ko babu.

Ga mutumin Kausani, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Wudil, wannan magana ta shafi rayuwarsa kai-tsaye. Idan yaro ya kwana da zazzaɓi, abin da ke gaban iyayensa shi ne kemis, ko cibiyar lafiya mafi kusa, ko kuma kuɗin babur zuwa Babban Asibitin Wudil. Duk abin da zai kawo gwaji mai inganci kusa da gida abin maraba ne. Sai dai kafin a yi murna, ya kamata ka san yadda waɗannan manhajoji ke aiki, musamman nau'in da ake cewa yana koyo da kansa ba tare da malami ba. Irin wannan manhaja ta iya raba launi daga launi, amma ba ta san ma'anar abin da ta raba ba. Ingancinta yana rataye ne a kan rinin gilashin, da hasken da aka ɗauki hoton, da kuma ma'aikacin da zai tabbatar da sakamakon.

Me ya sa maganar ta yi zafi yanzu?

Dalilai uku ne suka haɗu. Na farko shi ne yawan cutar. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa a shekarar 2022 Najeriya ce ke da kusan kashi 27 cikin 100 na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, da kusan kashi 31 cikin 100 na waɗanda cutar ta kashe. Tun 2010 hukumar ta ce kada a ba da maganin maleriya sai an tabbatar da ita ta gwaji. Ka ga ke nan ana buƙatar gwaji miliyoyi a kowace damina.

Na biyu shi ne ƙarancin ma'aikata. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa cewa likitoci sama da 16,000 sun bar ƙasar nan a cikin shekaru biyar zuwa bakwai. Masana kimiyyar gwaje-gwaje su ma suna tafiya, kuma waɗanda suka rage sun fi taruwa a birane.

Na uku shi ne kuɗi. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, wanda shirye-shiryen yaƙi da maleriya da tarin fuka suka daɗe suna dogaro da shi, har Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya don cike giɓin. Idan kuɗi ya yi ƙaranci, duk wanda ya zo da na'urar da ya ce za ta maye gurbin ma'aikaci zai samu masu saurare. A irin wannan lokaci ne kuma ake saurin sayen abin da ba a gwada ba.

Abin da ma'aikacin ɗakin gwaji yake nema

Jini yadda yake ba ya nuna ƙwayar maleriya. Sai an shimfiɗa shi a gilashi, ya bushe, sannan a rina shi. Rinin da aka fi amincewa da shi shi ne na Giemsa, wanda masanin sinadarai Bajamushe Gustav Giemsa ya daidaita a farkon ƙarni na 20. Idan rinin ya yi kyau, kowane abu yana ɗaukar nasa launin. Jajayen ƙwayoyin jini suna fitowa ruwan hoda mai dishi-dishi. Cibiyar fararen ƙwayoyin jini tana fitowa shunayya mai duhu. Ita kuwa ƙwayar maleriya tana da alama biyu tare: ɗigo ja ƙarami, da jiki shuɗi wanda sau da yawa yake kama da zobe.

Gilashi iri biyu ake yi. Mai kauri yana tattara jini da yawa a ƙaramin wuri, shi ya sa ya fi saurin nuna ko akwai ƙwayar. Mai sirara, wanda ake kafewa da sinadarin metanol, shi ke nuna irin ƙwayar, kuma a ƙasarmu falsifarum ce ta fi yawa, ita ce kuma mafi kisa. Ƙa'ida ita ce kada ma'aikaci ya rubuta cewa babu ƙwaya sai ya duba aƙalla gurbi 100 a gilashi mai kauri. Wannan aiki ne mai gajiyar da ido, balle idan gilasai hamsin suna jiran mutum ɗaya. A nan ne ake fatan kwamfuta ta taimaka.

Yadda kwamfuta ke kallon hoto

Kwamfuta ba ta ganin zobe ko ɗigo. Hoto a wurinta tarin ƙananan ɗigogi ne da ake kira fiksel, kuma kowane ɗigo lambobi uku ne: yawan ja, yawan kore, da yawan shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Haɗuwar waɗannan lambobi tana ba da launuka sama da miliyan 16. Mataki na farko a aikin duba jini shi ne rarraba hoton kashi-kashi: waɗannan ɗigogi fili ne kawai, waɗannan na jar ƙwaya ne, waɗannan na farar ƙwaya ne, waɗancan kuma abin tuhuma ne.

Hanya biyu ake koya wa kwamfuta wannan aiki. Ta farko ita ce koyo a hannun malami. Ƙwararre zai zauna ya yi wa hotuna dubbai alama, wannan mai cuta, wannan lafiyayye, sai kwamfuta ta kwaikwayi hukuncinsa. Wani sanannen rumbun hotuna da Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasar Amurka ya fitar yana ɗauke da hotunan ƙwayoyin jini 27,558, an samo su daga marasa lafiya a asibitin koyarwa na Chittagong a Bangaladash, kuma ƙwararre ne ya yi musu alama. Ɗalibai da masu bincike a ƙasashe da yawa da shi suke horar da manhajojinsu. Matsalar ita ce wannan aikin alama yana cin lokacin mutumin da dama shi ne muka rasa.

Hanya ta biyu ita ce koyo ba malami. Ba a gaya wa kwamfuta komai, sai dai a zuba mata ɗigogin a ce ta tara masu kama da juna wuri guda. Ka ɗauki yaro ƙarami ka ba shi faifai da aka gauraya wake da dawa da gero da shinkafa. Ko bai san sunan ko ɗaya ba zai iya ware su tsibi-tsibi. Wannan hanya tana burge masu bincike a ƙasashe irin namu, don ba ta buƙatar dubban hotuna masu alama, kuma ko ƙaramar kwamfuta tana iya ɗaukar nauyinta.

Taswira mai tsara kanta

Fitacciyar dabara a wannan fanni ita ce wadda Farfesa Teuvo Kohonen na ƙasar Finlan ya wallafa a 1982. Ana kiranta taswira mai tsara kanta, ko taswirar Kohonen, kuma tana cikin dangin manhajojin da aka gina bisa kwaikwayon yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aiki tare.

Ga yadda take aiki a kan hoto mai launi. A zana gidaje kamar na dara, misali goma a tsaye goma a kwance. Kowane gida a ba shi wani launi na kan-mai-uwa-da-wabi. Sai a ɗauko ɗigo ɗaya daga hoton jinin, a duba gidan da launinsa ya fi kusa da nasa. Wannan gida shi ya ci. Ladansa shi ne ya ɗan gyara launinsa ya ƙara kusantar na ɗigon. Maƙwabtansa su ma su ɗan gyara nasu, na kusa da yawa, na nesa kaɗan. A sake ɗauko wani ɗigo, a maimaita, sau dubbai. Da tafiya ta yi nisa sai a riƙa rage girman gyaran da faɗin maƙwabtakar, har abin ya daidaita.

A ƙarshe za ka tarar gidajen sun jera kansu ba tare da an umarce su ba. Masu ruwan hoda sun koma kusurwa guda, masu shunayya wata kusurwar, masu shuɗi suna tsakani, fararen fili can gefe. Daga nan sai a haɗa gidaje maƙwabta su zama rukuni huɗu ko biyar, a mayar da kowane ɗigo na hoton rukunin da ya faɗa. Hoton da ke da launuka dubbai ya koma mai kashi biyar, kowane kashi da iyakarsa.

Dabarar ba ta tsaya a takarda ba. A 1994 Anthony Dekker ya yi amfani da ita wajen rage launukan hoto zuwa 256 ba tare da hoton ya lalace sosai ba. A 2015 masu bincike a Jami'ar Ghent ta Beljiyam suka fitar da FlowSOM, manhajar da ɗakunan bincike ke amfani da ita wajen rarraba ƙwayoyin jini da na garkuwar jiki rukuni-rukuni. Ko a can, bayan manhajar ta gama tara rukunan, masani ne yake dubawa ya ce wannan rukuni ƙwaya kaza ce.

Kama da wane ba ta wane

Koma ga yaron nan mai faifai. Idan akwai farar tsakuwa a cikin hatsin, tsibin shinkafa zai kai ta, domin da ido yake aiki, bai taɓa tauna ko ɗaya ba. Gilashin jini cike yake da irin wannan tsakuwa.

Akwai ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini, waɗanda ake kira filatlet. Idan ɗaya ta hau kan jar ƙwaya, launinta da girmanta sukan yi kama da ƙwayar maleriya. Akwai gurɓin rini, wanda ke zama ɗigo-ɗigo idan rinin ya tsufa ko ba a tace shi ba. Akwai ƙurar hunturu da ke sauka kan gilashi yana shanya, da naman gwari da ke tsirowa a ruwan da ya daɗe. Akwai kuma wadda ta fi shafar mu a Kano, inda cutar sikila take da yawa. Saifar mai sikila takan daina aiki tun yana ƙarami, sai jajayen ƙwayoyinsa su riƙa ɗauke da wani ɗigo shunayya zagayayye da likitoci ke kira Howell-Jolly. Ƙwararren ma'aikaci zai lura cewa ɗigon ba shi da shuɗin jiki a gefensa, ya wuce shi. Manhajar da launi kaɗai ta sani za ta iya jefa shi tsibin maleriya.

Shi kansa launin ba a tsaye yake ba. Duk wanda ya taɓa zuwa marinar Ƙofar Mata ya san cewa baba ɗaya yana iya ba da shuɗi iri-iri, gwargwadon tokar da aka sa, da kwanakin da rinin ya yi, da yawan tsomawa. Haka Giemsa take. Ana so a gauraya ta da ruwan da ma'aunin tsaminsa yake 7.2. Idan ruwan ya karkata wajen tsami, gilashin ya yi ja fiye da kima. Idan ya karkata wajen kanwa, ya yi shuɗi. Wurin da ba shi da ƙwayar daidaita ruwa, aka yi amfani da ruwan rijiya ko na burtsatse ko na leda, launin yau ba zai zama na gobe ba. Lokaci ma yana da tasiri: rini mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 yana buƙatar kamar minti 10, mai kashi 3 kuma minti 45 zuwa 60. Sannan wasu ɗakunan gwaji da rinin Field ko Leishman suke aiki, kowanne da irin launinsa.

Sai maganar haske. Fitilar madubi a kan wutar NEPA daban, a kan janareta daban, a kan hasken rana da aka karkato da madubi daban. Wayar hannu kuma tana gyara launin hoto da kanta, kuma kowane kamfani da nasa gyaran. Masu goyon bayan koyo ba malami za su ce ai nan ne ƙarfinta yake, tunda tana sake tsara kanta a kan kowane hoto. Da gaskiyarsu, amma rabi. Za ta ware tsibi biyar ko da gilashin ya lalace, kuma ko da babu ƙwayar cuta ko ɗaya a ciki. Wane tsibi ne maleriya? Wannan tambaya tana nan tana jiran wani ya amsa.

Abin da aka gani da aka fita fili

Saboda wannan rauni, yawancin na'urorin da suka kai matakin gwaji a asibitoci sun dogara ne da koyo a hannun malami, suna duba siffa da girma tare da launi. Amma su ma gilashi da haske suna kayar da su.

A 2022 an wallafa sakamakon gwajin wata na'ura mai suna EasyScan Go a cibiyoyi 11 na ƙasashe daban-daban, da gilasai sama da 2,000. Ta gano kusan kashi 91 cikin 100 na masu ɗauke da ƙwayar. Amma a cikin waɗanda ba su da ita, kusan kashi 76 kawai ta wanke, sauran ta ce suna da cutar. Da aka ware gilasai masu kyawun rini kaɗai, wannan adadi ya tashi zuwa kusan 85. Na'ura ɗaya ce, gilashi ne ya bambanta.

A Tailan, kamfanin Google ya kai manhajarsa mai duba hoton cikin ido na masu ciwon suga asibitoci 11. A ɗakin bincike ta yi fice. A fili kuwa, rahoton da suka fitar a 2020 ya nuna ta ƙi karɓar kusan kashi 21 cikin 100 na hotunan, galibi saboda hasken ɗakunan da ake ɗauka bai dace ba. An tura mutane asibiti mai nisa ba don idonsu ya lalace ba, sai don hoton bai yi ba.

Akwai kuma inda aka bi hanyar da ta dace. Masu bincike na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan tare da takwarorinsu na Landan sun horar da manhaja da gilasan da ake yi yau da kullum a Ibadan, suka wallafa sakamakon a 2020. A Jami'ar Makerere ta Yuganda ma an daɗe ana tara hotunan jinin mutanen ƙasar da wayar hannu da aka maƙala a madubi. Su duka sun fara ne da jinin mutanensu da rinin ɗakunansu.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na tarin fuka. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhaja wajen karanta hoton ƙirji don tantance masu shekara 15 zuwa sama, bayan an auna manhajojin da hukuncin ƙwararru. Ƙungiyar KNCV Nigeria ta yi amfani da irin wannan manhaja a motocin gwaji na tafi-da-gidanka a jihohi da dama, har da Kano. Ka lura da tsarin: manhajar ba ta ɗora kowa a kan magani. Wanda ta yi tuhuma a kansa, sai an gwada majinarsa da na'urar GeneXpert. Tana nuna wanda za a ƙara dubawa ne kawai.

Me kuskuren ke jawowa?

Mu yi ɗan lissafi na misali. A ce a watan Maris, lokacin zafi, an kawo yara 100 masu zazzaɓi, 20 daga cikinsu maleriya ce da gaske. A ce manhajar tana kama 9 cikin kowane 10 masu cutar, tana kuma wanke 3 cikin kowane 4 marasa ita. Za ta kama 18 daga cikin 20, biyu su kuɓuce mata. Daga cikin 80 ɗin da suka rage za ta ɗora wa 20 maleriyar da ba su da ita. Ke nan cikin takardu 38 da ta rubuta wa cutar, fiye da rabi ba daidai ba ne.

Wani zai ce ai ba komai, maganin maleriya ba ya kisa. Haɗarin yana wajen cutar da aka bari. Da zarar takarda ta ce maleriya, iyaye da ma'aikaci sukan daina neman wani dalili. Alhali a yankinmu zazzaɓi yana iya zama farkon sanƙarau a lokacin zafi, ko ciwon huhu, ko taifot na gaske, ko zazzaɓin Lassa, ko mashaƙo wadda ta yi ɓarna a Kano a 2023. Wani bincike da aka yi a asibitoci goma na Tanzaniya, aka wallafa a 2004, ya duba mutum 4,474 da aka kwantar a matsayin masu maleriya mai tsanani. Ƙasa da rabinsu ne gilashi ya nuna suna da ƙwayar. A cikin waɗanda ba su da ita kusan kashi 12 cikin 100 suka rasu, a cikin masu ita kusan kashi 7. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ba su da ƙwayar ba a ba su maganin kashe ƙwayoyin bakteriya ba. Dama muna fama da ɗabi'ar rubuta maleriya da taifot ga duk mai zazzaɓi. Manhajar da ba a gwada ba za ta ƙara wa wannan ɗabi'a tambarin kwamfuta, wanda ya fi wuyar musawa.

Haka abin yake ga manhajojin waya da ke cewa suna gane ƙarancin jini ko shawarar jarirai daga hoton fata ko ido. A 2020 likitoci a Jami'ar Michigan sun nuna cewa ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini tana ɓoye ƙarancin iska a baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. Duk na'urar da ke aiki da launi, a tambaya a jikin wa aka gwada ta.

Inda dabarar za ta yi mana rana

Wannan duka ba ya nufin a jefar da taswirar Kohonen. A gani na, a ba ta aikin da ya dace da abin da ta iya. Tunda gwanar launi ce, a sa ta gadin gilashi: ta duba hoton ta ce wannan rinin ya yi ja da yawa, ko ya yi shuɗi, ko hasken bai isa ba, a sake. Wannan kaɗai zai gyara sakamako ko da mutum ne zai karanta. Za ta iya ƙirga jajaye da fararen ƙwayoyi, aikin da ke cin lokaci idan ana son sanin yawan ƙwayar cutar. Za ta iya zagaye wuraren tuhuma don ma'aikaci ya fara dubawa daga nan. Za ta kuma iya yin rabon farko na hotuna, ƙwararre ya zo ya gyara, ta haka a gina rumbun hotunan jinin mutanenmu cikin ƙanƙanin lokaci.

Kayan aikin suna kusa. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana cikin Wudil, da ɗaliban kimiyyar kwamfuta da ke neman aikin kammala karatu kowace shekara. Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suna da ƙwararrun jini da na ƙwayoyin cuta. Maimakon ɗalibi ya sauko da hotunan Bangaladash ya ce manhajarsa ta ci kashi 98, ya fi amfani a haɗa shi da ɗakin gwaji na gida, a tara gilasan damina da na rani, na masu sikila da na masu juna biyu, da izinin kwamitin ɗa'ar bincike da yardar masu jinin. Dokar Kare Bayanan Sirri ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman, don haka hoton jini mai ɗauke da sunan mutum ba abin yawo da shi a WhatsApp ba ne.

Ga hukumomin lafiya na jiha da na ƙananan hukumomi, jerin abin da za a fara saye a bayyane yake: rini mai kyau, ƙwayar daidaita ruwa, sababbin gilasai, wutar sola ga madubi, horo, da tsarin da wani ƙwararre zai riƙa sake duba wasu gilasan da aka riga aka karanta. Idan waɗannan suka samu, sakamako zai gyaru ko babu manhaja. Idan babu su, manhaja mafi tsada ma ba za ta tsinana komai ba. Duk na'urar da za a saya, a nemi rajistarta da NAFDAC da Hukumar Kula da Aikin Gwaje-gwajen Lafiya ta Ƙasa, a kuma gwada ta a nan, a damina da rani. Ba a cinikin biri a sama.

Abin da ya rage gare ka

Idan kai ko ɗanka kuka yi zazzaɓi, a yi gwaji kafin a sha magani. Gwajin gaggawa na tsinke, wanda ake kira RDT, yana ba da amsa cikin minti 15 zuwa 20, kuma shi aka tanada don cibiyoyin da ba su da madubi. Ka sani cewa yana iya ci gaba da nuna cutar har makonni bayan an warke, don haka ka gaya wa ma'aikaci idan an sha magani kwanan nan.

Idan aka ce maka kwamfuta ce ta duba jininka, ka yi tambaya uku cikin ladabi. Wane ma'aikaci ne ya tabbatar da sakamakon ya sa hannu? Na'urar tana da rajista? Ina hoton jinina zai tafi? Ka kuma yi hattara da masu yawo da akwati a kasuwa da tasha, a ɗora maka hannu a kan ƙarfe, allo ya jero cututtuka goma, sannan a sayar maka da maganinsu a nan take. Babu na'urar da ke gano maleriya ta wannan hanya, ko da an liƙa mata sunan AI.

Idan an fara cikakken maganin maleriya amma zazzaɓi bai sauka ba bayan kwana biyu zuwa uku, a koma asibiti a nemi wani dalilin. Idan kuwa yaro ya yi jijjiga, ko ya kasa sha ko kama nono, ko yana amai da duk abin da ya ci, ko wuyansa ya sanƙare, ko numfashinsa ya yi sauri, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko ya fita hayyacinsa, kada a jira sakamakon kowace na'ura. A nufi asibiti nan take.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.